Daga Damagaram zuwa Lokoja da iyali: lokaci, takardu da hanya

Abban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san hanya. Mutum bakwai ne, manya uku har da Hajiya tsohuwa, yara huɗu, ƙaraminsu wata goma sha ɗaya. Mota Toyota ce mai kujera bakwai, lambar Nijar. Niyya Lokoja, a ga inda Kwara ta haɗu da Binuwai, a kuma ziyarci kaburburan sarakunan da Turawa suka kai can. Muna son Satumba, kafin yara su koma lakwal, wato makaranta. Ana yin ta a yini ɗaya? Ta wace iyaka za mu shiga, Ɗan Barto ko Magarya?

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin maganar iyaka, cire Satumba daga lissafinka. A nan Satumba damina ta fara haɗa kayanta, a can lokacin ne kogi yake cika. Ruwan Kwara yana gangarowa ta Kainji da Jebba, na Binuwai yana zuwa daga Kamaru, wani lokaci da sakin madatsar Lagdo a kansa, duka su taru a Lokoja tsakanin ƙarshen Agusta da Oktoba. A 2012 ruwa ya hau kwalta tsakanin Abaji da Lokoja, a 2022 ya sake hawa a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye har mai ya yi wuya a Abuja saboda tankoki sun maƙale. Ba kowace shekara ba ce, amma hanyar ce kaɗai miƙaƙƙiya, in ta yanke kana da jariri da tsohuwa a mota, sai Allah.

Abban Yara: To Baba, ai yara ba su da wani dogon hutu sai na ƙarshen Disamba da na wajen Maris.

Tsohon Direba: Ɗauki na Disamba, amma ka iya zaɓen rana. Daga 20 ga wata zuwa 24 duk mutanen kudu da ke Abuja da Kaduna da Kano suna gangarawa gida Kirsimeti, kuma ta Lokoja za su bi. Cunkoson Koton Karfe da gadar Murtala a Jamata yana iya cin rabin yini. Daga 2 ga Janairu kuma su juyo arewa. Ka tashi 26 ko 27, ka juyo 30 ko 31, ka shige ta tsakiyarsu. Maris kuwa zafin Lokoja ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Nasu da gumi yake, dare ma ba ya saki.

Mushen Tarihi: Ƙari ɗaya kan Disamba: hazo. Ranar da buji ya yi kauri, daga saman dutsen Patti na Lokoja fari fat za ka gani, ba kogi ba mahaɗa. Shi ya sa a ba garin kwana biyu cur, in yau ta rufe gobe ta buɗe.

Ɗan Tasha: Ni ban ga abin kwana a hanya ba. A tashi bayan asuba, ƙarfe goma ana Kano, la'asar Abuja, isha'i Lokoja. Direbobin haya kullum yi suke.

Tsohon Direba: Yaro, zo mu ƙirga. Damagaram zuwa Kano kusan kilomita 240. Kano zuwa Kaduna kusan 230. Kaduna zuwa Zuba 160 ko kusa. Zuba zuwa Lokoja wajen 175. Ka ga 800 da ɗoriya. Da shingaye, da salla, da fitsarin yara, da wuraren da aikin hanya ya haɗe motoci hannu ɗaya, ba za ka wuce matsakaicin 55 zuwa 60 a awa ba. Awa 14 ke nan, ban sa zaman iyaka ba, ban sa ratsa Kano ba. Ma'ana Kaduna za ka bari da la'asar sakaliya, magariba ta same ka wajen Rijana da Katari, inda kowa ya san an sha tare mutane. Direban haya fasinja ya ɗauko, wannan mahaifiyarsa ya ɗauko.

Rana ta farko a kwana Zariya ko Kaduna. Rana ta biyu a bar Kaduna bakwai zuwa takwas na safe, lokacin da hanya ta cika da motoci, ba da duhun asuba ba. Jere, Tafa, Sabon Wuse, ga dutsen Zuma nan kusa da Madalla, yara su gwada shi da wanda ke jikin takardar naira ɗari. A Zuba kada ka shiga cikin Abuja, ka miƙe Gwagwalada, Kwali, Abaji, Koton Karfe. Biyu zuwa uku na rana kana Nataco, mashigar Lokoja.

Ɗan Tasha: Na ji Baba. Amma Magarya ta fi, ba ruwanka da zagayen Takeita.

Mai Tiranzit: Tsawonsu kusan ɗaya ne. Ta Magarya ka bi Bande, Magarya, Tinkim, ka shiga ta Babban Mutum, Ɓaɓura, Kano. Ta ɗaya ɓangaren Takeita, Kance, Matamaye, Ɗan Barto, ka shiga ta Kwangwalam, Mai'aduwa, Daura, Kazaure, Ɗambatta. Ga mai iyali na fi son ta Daura: garuruwa kusa da kusa, ga mai faci ga masallaci ga asibiti, kuma yara sa ga rijiyar Kusugu. Sai dai a kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa ce, motocin dabbobi suna toshe hanya.

Amma Yaya, ba hanya ce za ta ba ka wahala ba, takardar mota ce. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta kan tudu. Don haka duk motar da ke da lambar waje, in ta yi nisa da iyaka, abin da ɗan kwastan yake fara zato shi ne an shigo da ita a sayar. A Daura da Kano an saba ganin lambarmu. A Abaji da Koton Karfe ba a saba ba. Abin da ke raba ka da su shi ne lasifase, takardar shigar mota ta ɗan lokaci, wadda za a yi maka a ofishin kwastan na bakin iyaka. Kada ka karɓa ka ninke ka sa aljihu. Ka tsaya nan ka duba abu huɗu: lambar shasi harafi da harafi ta yi daidai da ta kart giris (takardar mallakar mota) da wadda ke jikin mota, sunan mai tuƙi, ranar ƙarewa, sannan inda aka rubuta za ka. In an rubuta Kano aka gan ka a jihar Kogi, kai ka jawo wa kanka magana. Ka ce a rubuta Lokoja, ka nemi kwanakin da suka fi na tafiyarka, ko don lalacewar mota.

In kart giris ba sunanka ba ne, ko na mahaifinka ne, sai da takardar wakilci mai hatimin meri (ofishin magajin gari) ko komisariya (ofishin ƴan sanda). Farmi (lasin tuƙi), bizit teknik (takardar duba lafiyar mota), binyet (harajin mota), duka masu rai. Asiransinka ta gida, wato inshora, ba ta tsallaka iyaka, ka je wajen mai asiransin ka ce a ba ka kart burun, katin inshorar ƙetare iyaka, ka duba ranakunta sun rufe dawowa. Kowace takarda a yi mata hoto biyu, a kuma ɗauke ta a waya. A shinge kwafi ake fara miƙawa.

Maman Biyu: To mu mutane fa, Kawu? Tunda Nijar ta fita CEDEAO, wato ECOWAS, wasu na cewa sai biza.

Mai Tiranzit: Fitar ta tabbata 29 ga Janairun 2025, kuma a ranar CEDEAO ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na Nijar, Mali da Burkina masu tambarinta, a bar mutanensu su shiga ba biza har sai an sake sanarwa. Kalmar "har sai an sake sanarwa" ita ce abin lura. Iyakar nan an rufe ta bayan 26 ga Yulin 2023, ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Saboda haka mako guda kafin tafiya a tambayi waɗanda suka ƙetara jiya, ba bara ba. Mai fasfo ya tafi da shi a buga masa hatimin shiga, don wanda zai yi nisa haka hatimi ya fi masa kati. Yara kowa da takardar haihuwarsa. In akwai ɗan riƙo, ko yaron da ubansa ba ya cikin motar, a yi takardar izinin iyaye, saboda ana sa ido sosai kan fataucin yara a hanyar nan. A rubuta lambar ƙaramin ofishin jakadancinmu na Kano da ta babban na Abuja a takarda, waya tana mutuwa.

Inna Majo: Ku bar ni in shigo da nawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Katin rawaya na allurar shawara: sai ta kwana goma a jiki take aiki a takarda, don haka a yi ta tun farkon Disamba. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, tun 2016 ta zama ta har abada, ko da tsohon katin ya nuna shekara goma. Jaririn wata goma sha ɗaya ya kamata a ce an yi masa tun wata tara, a duba katin rigakafinsa. Hajiya kuma in ta haura sittin kuma ba ta taɓa yi ba, kada a kai ta layi kawai, likita ya gan ta tukuna.

Sauro a bakin kogi ba ya hutun rani. Sange, wato gidan sauro, guda biyu, da igiya da ƙusa, don ba kowane masauki ne ke da wurin ratayawa ba. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a can ko cikin mako biyu bayan dawowa, gwaji a ranar. Gudawa kuma: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, in ba a samu na fakiti ba. Maganin hawan jini ko na sukari na Hajiya a ɗauki na kwana goma cikin kwalinsa, da takardar likita. Kada a juye ƙwayoyi a leda ɗaya, ƴan NDLEA suna bincike. Turamol da ruwan tari mai kodin kada su shiga motar sam, na biyun Najeriya ta hana shi tun 2018.

Kuma yara kada su yi wanka a kogin, ko a gefe. Ban da zurfi, akwai tsargiya.

Bakaniken Zango: Alhaji, mutum bakwai a kujera bakwai, ina kaya za su zauna? Nan matsalar take farawa. In ka buɗe kujerun baya but ya tafi, sai a ɗora komai a sama, mota ta yi nauyin kai, ta riƙa lilo in tirela ta wuce. Masu nauyi, ruwa da kayan aiki, a ƙasa tsakanin kujeru. Sama tabarma da jakar tufafi kawai.

Mako biyu kafin tafiya a kawo ta gareji, ba jajibiri ba, don abin da aka taɓa ya samu kwanakin nuna halinsa. Bidanji (juyen baƙin mai) da filtar mai, filtar iska (ƙurarmu tana toshe ta), filtar esansi musamman in motar ta saba shan na ƴan ruwa-ruwa. A duba kuruwa, wato bel ɗin inji, in ta fara tsagewa a canza, a ajiye tsohuwar a mota. A wanke radiyata, a tabbata fanka tana tashi da kanta, a duba murfin, don murfin da robarsa ta mutu shi ke sa ruwa ya tafasa a cunkoso alhali komai lafiya. Filaket ɗin birki in sun yi rabi a canza, man birki in ya yi baƙi a zubar.

Taya: a gefenta akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Ƴan Road Safety suna ɗaukar wadda ta wuce shekara huɗu a matsayin matacciya ko da zanenta sabo ne, kuma tayar Kasuwar Dole da ta sha rana a tsaye ita ke fashewa kan kwalta mai zafi. Iska a auna da safe taya na sanyi, a bi abin da ke rubuce a bakin ƙofar direba, layin cikakken lodi. Sakur, tayar ajiya, ma a auna ta. Kirik na ɗaga mota, makullin taya, tukunyar kashe wuta mai rai, alamar kusurwa uku, duka ana tambaya. Bel kowa na gaba ya ɗaura, yaro ƙasa da shekara 12 ba ya zama gaba, gudu 100 ne iyaka a babbar hanya. In gilashinka baƙi ne na leda, ɓare shi a gida ya fi, a can sai da izinin ƴan sanda.

Abban Yara: Mai fa, Malam? In ɗauki jarka?

Bakaniken Zango: A'a. Jarkar mai a bakin iyaka fasa-ƙwauri ce a idon duwan namu da kwastan nasu, kuma tururinta cikin mota mai yara haɗari ne. Cika tanki a gidan mai a Damagaram, zai kai ka Zariya. Da lodi da kilim (na'urar sanyaya mota) ka lissafa lita 11 zuwa 12 a kilomita 100, wato kusan lita 200 zuwa da dawowa da yawon gari. Tun da aka cire tallafi a can a Mayun 2023 zancen "man Najeriya ya fi araha" ya daina zama ƙa'ida, ranar tafiya ka kwatanta. Kada allura ta sauka ƙasa da rabi daga Kaduna zuwa gaba.

Maman Biyu: Guzuri: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, fura a kula, gari da sukari. Kada a ɗauki buhun shinkafa ƴar waje da sunan tsaraba, an hana shigar da ita ta tudu, za a sauke. Kuɗi a canza sefa a Damagaram ko bakin iyaka, don bayan Kano mai karɓar sefa sai an nema. A nemi ƙananan naira, a raba kuɗin gida uku a jikin manya uku. A buɗe romin a layin gida tun kafin a tashi, don waya ta yi aiki a can. Lambar gaggawa 112, ta Road Safety 122.

Ɗan Fagge: Wai Damagarawa za su ziyarci Sarkin Kano Alu? Ko dai neman gafara za a je?

Mushen Tarihi: Kai Bakano, ziyarar maƙwabci ce. Amma ka taɓo inda ya dace, don yaran Damagaram in ba a gaya masu wannan ba, kabari kawai za su gani. Aliyu Babba ya hau sarautar Kano a 1894 bayan Basasa. Shi ne ya yi ta gwabzawa da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, yaƙin Gezawa da na Tattarawa, lokacin Damagaram na da igwa da ake ƙerawa a gida tun zamanin Tanimu. Ba a jima ba duk su biyun Turawa suka cinye su. Faransa ta shiga Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, aka kashe Kuran Daga a shekarar. Ingila ta ci Kano a Fabrairun 1903 Alu yana hanyar Sakkwato, aka kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lokoja, ya zauna har rasuwarsa a 1926, shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma can ya rasu a 1924. Mu kuma namu Amadu Ɗan Basa, da aka tuɓe shi a 1906, Kodebuwa aka kai shi. Dabara ɗaya ce, a raba sarki da ƙasarsa a kai shi inda ba mai yi masa fadanci.

Kaburburan suna tsohon gari, wajen Kabawa. Ba wurin tikiti ba ne, cikin unguwa suke. A fara gaisuwa a fadar Maigarin Lokoja ko wajen mai unguwa, a nemi ɗan rakiya, a riƙe ɗan abin goro na mai kula. Hausa tana ci a unguwar, da Nufanci.

Sauran gari yini ɗaya ya isa. Baturen Ingila Baikie ya kafa zangonsa nan wajen 1860. Makarantar Holy Trinity ta 1865, zamanin Bishop Ajayi Crowther, ita ake kira firamare ta farko a Arewacin Najeriya, kuma a harabarta ƙarafan nan suke da ake cewa bawan da ya taɓa su ya ƴantu. A Lokoja aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila ran 1 ga Janairun 1900, Lugga na tsaye. Akwai gidan tarihin zamanin mulkin mallaka da maƙabartar Turawa. A saman Patti masu rakiya za su ce maku nan ƴar jaridar Ingila Flora Shaw ta zauna ta ƙago sunan Najeriya. Abin da ke rubuce shi ne ta fitar da sunan a jaridar Times ta Landan a 1897. Sunan jihar kuwa, da aka kafa a 1991, kalmarmu ce: kogi.

Bakaniken Zango: Tunda an ambaci Patti. Ya haura mita 400, hanyar siririya ce mai kwana. A sauke kaya a masauki kafin a hau, a kashe kilim, giya ɗaya da biyu. Saukowa ita ce haɗarin: wanda ya taka birki tun daga sama har ƙasa, man birki zai tafasa, feda ta tafi ƙasa ba komai. Da giyar da ka hau da ita za ka sauko, mai otomatik ya sa L ko 2. A hau da hantsi, a tambayi mutanen masauki halin da saman yake ciki a ranar, kada a kai yamma.

Malam na Zaure: Ga masu tambayar salla: tafiyar ta wuce barid huɗu, nisan da ake fara ƙasaru da shi, nesa ba kusa ba, ƙasaru ta tabbata daga barin gidajen gari. In kun yi niyyar kwana huɗu cikakku a Lokoja sai ku cika, in biyu ne ko uku kuna kan ƙasaru.

Abban Yara: Allah ya saka da alheri. Saura jirgin ruwa. Hajiya ta ce ita daga tudu za ta kalla.

Tsohon Direba: Hajiya ta fi ku gaskiya, kuma daga gefen Ganaja ana ganin ruwan sosai. Masu son shiga su je bakin Kpata ko Ganaja da safe kafin iska ta tashi. A ɗauki shatar jirgi mai inji, kada a shiga na ƴan kasuwa da ake cusa buhu da babur da mutane. A yi ciniki a tudu, kuɗin zuwa da dawowa da tsayawa a mahaɗa, a biya bayan an sauka. Rigar ruwa kowa da tasa, kuma ta yaro ta zama ta yaro: ta babba in aka sa wa ɗan shekara biyar, yana faɗawa za ta zame ta kansa. A ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ja sama, in ta wuce kunnuwansa ba tasa ba ce. Babu rigar jariri, jariri ya zauna wajen kakarsa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedikwatarta ke nan Lokoja, ta hana tafiyar dare a ruwa. Da rani za ku ga tsibiran yashi a tsakiya da layin da ruwan biyu suke tafiya gefe da gefe kowanne da launinsa. Mai jirgi zai ce a sauka kan yashin a yi hoto. Bakinsa yana zabgewa, a riƙe hannun yara.

Maman Biyu: Kifi busasshe na tsaraba a saya ranar juyowa. A karya ɗaya a duba ciki ko da tsutsa, a naɗe a takarda cikin kwali. Leda tana sa shi gumi, kafin Kano ya yi fumfuna.

Abban Yara: To an tsaya: tashi 27 ga Disamba ta Ɗan Barto, kwana Kaduna, 28 Lokoja, 31 a juyo.

Mai Tiranzit: Duba kalanda kada 27 ɗin ko ranar dawowarka ta faɗa Lahadi saboda Mai'aduwa. Kuma ta ƙofar da ka shiga za ka fita, ka miƙa lasifase a rufe ta a littafinsu, a buga maku hatimin fita. In ka shiga ta Kwangwalam ka fita ta Babban Mutum don Ɗan Tasha ya ce ta fi kusa, a rubuce motarka tana cikin Najeriya har yanzu, kuma ranar da ka sake zuwa da ita sai ka yi bayani.